Yadda za ka shirya in za ka tafi koyarwa Nunavik

Tun da na sauko daga Nunavik, yankin 'yan asalin ƙasa Inuit a arewacin lardin Kebek na Kanada, da wuya a yi wata guda wani ɗan'uwa bai tare ni a Montiriyal ba, galibi bayan an idar da Juma'a ana neman takalma. Tambayar ɗaya ce: "Mushe, an ce ka yi koyarwa wajen Inuit, ta ina ake shiga?" Akasarinsu malamai ne irina, daga Damagaram, Maradi, Tawa ko Yamai, da digiri a jaka, amma dare suke kwana suna jera kwalaye a sito. Amsar ba ta bayuwa a tsaye bakin ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Shekara uku na yi ina koyar da lissafi a wani ƙauye na gaɓar tekun Hudson. Ba zan faɗi sunansa ba, don ƙauyen da kowa ya san kowa ba a ba da labarinsa da suna.

Abu ɗaya tun da wuri: maganata da wanda ya riga ya sami izinin aiki a Kanada ce. Wanda duk ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka gurbi daga gida, ka riƙe kuɗinka.

Fara da sanin wanda zai ɗauke ka aiki, don a nan da yawa suke tuntuɓe. Nunavik ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na lardin Kebek, daga layi na 55 na taswirar duniya zuwa sama, mutanenta wajen dubu 14, tara cikin goma Inuit ne. Ƙauyuka 14 ne jere a bakin teku, wasu a gaɓar Hudson, wasu a mashigin da ke sama, wasu a gaɓar Ungava. Babbansu Kuujjuaq, ƙaraminsu Aupaluk, na can ƙurya Ivujivik. Babu hanyar mota tsakanin ƙauye da ƙauye, babu kuma wadda ta haɗa su da kudu. Makarantunsu duka suna hannun hukuma ɗaya, Kativik Ilisarniliriniq, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar James Bay da Arewacin Kebek da aka sa wa hannu ranar 11 ga Nuwamban 1975, bayan da gwamnatin lardin ta tashi gina madatsun ruwa a ƙasar mutane ba tare da ta tambaye su ba, su kuma Inuit da Cree, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar, suka kai ta kotu. A 1978 makarantun suka koma hannun hukumar. Kowane ƙauye yana zaɓen wakilinsa ɗaya a majalisarta, kowane ƙauye kuma yana da kwamitin ilimi na iyaye da ke da ta cewa a kan makaranta. Ma'anar wannan a aikace: ba gwamnati ce ta tura ka ka wayar da kan wasu ba. Masu gari ne suka yi hayarka. Matar da ka gani tana jan keken sayayya a kantin haɗin gwiwa, wataƙila ita ce shugabar kwamitin da zai tattauna aikinka.

Takardu ba su da daɗin bayani, bari in wuce da sauri. Idan kana da brevet, wato cikakken lasisin koyarwa na Kebek, ƙofa a buɗe take. Idan horonka na gida ne, ka fara neman izinin koyarwa na gwaji daga ma'aikatar ilimin lardin tun kafin ka aika neman aiki, don yana cin watanni. Ana ɗaukar wasu masu digiri da ba su da izinin idan an rasa mai shi, amma kwantiragin shekara-shekara ne, kada ka gina gida a kansa. Za a binciki ko kana da laifi a wajen 'yan sanda. Shekarar karatu tana farawa cikin Agusta, don haka daga ƙarshen hunturu ake ɗibar malamai, ko da yake gurbi na iya buɗewa tsakiyar shekara idan wani ya tattara ya gudu. Irin wannan gurbin na samu, kuma sai da na isa na fahimci me yara suke nufi da tambayar da suka yi mini ranar farko.

A ganawar ɗaukar aiki, kai ma ka yi tambaya, kada ka zauna kana "to, to" kamar mai neman aure. Wane ƙauye? Ɓangaren Faransanci ko na Ingilishi? Aji nawa za a haɗa maka a ɗaki ɗaya? Darussa nawa, don malamin lissafi a ƙaramin ƙauye shi ne na kimiyya, wani lokacin shi ne na tarihi. Gida kai kaɗai ko da abokin zama? In da iyali za ka, gidan zai ɗauke ku? Hukumar tana ba malamin da ya zo daga kudu gida da kayan ɗaki a haya mai sauƙi, da alawus na nisa, da kuɗin jigilar abinci, da tikitin zuwa kudu sau uku a shekara. Cikakken bayanin yana cikin yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ka nema ka karanta da kanka. Kuma ka riƙe wannan a ranka: abokiyar aikinka 'yar gari, wadda ta fi ka shekaru a aji, tana iya kasancewa tana zaune da mutum goma a gida mai ɗaki uku, don ƙarancin gidaje a Nunavik babban ciwo ne. Kada ka shiga ɗakin malamai kana ƙorafin kujerar falonka.

Yanzu kaya. Sanyin Montiriyal da kake taƙama ka saba da shi, share fage ne. Digiri 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne a Janairu, kuma a yawancin ƙauyukan babu itace ko ɗaya da zai tare iska, sai ta taso daga kan teku ta same ka. Sayi takalmi na gaske, wando mai rufi, tabarau mai rufe ido na guguwa, da safar hannu irin mai aljihu ɗaya ba mai yatsu ba. Babbar rigar sanyi kuwa, ka je da wadda za ta kai ka Nuwamba, sannan ka nemi matan gari su ɗinka maka. Nasu ɗinkin ya fi na kanti, kuɗinka ya zauna a gari, kuma ranar da ka shiga aji da ita yara za su duba ɗinkin su faɗa maka wadda ta yi.

Abinci a kanti yana da tsada, ya fi na kudu nesa ba kusa ba, don duk abin da ke ruɓewa ta sama yake zuwa. Manyan kaya jirgin ruwa ke kawowa, daga Yuli zuwa kaka kafin teku ta daskare. Shekarar farko jirgin ruwa ya riga ya wuce ka, sai ka dogara da jigilar jirgin sama: shinkafa, wake, mai, garin masara ko semolina na tuwo, man gyaɗa, tumatirin gwangwani. Abin da babu shi ko da kuɗinka shi za ka fi ba muhimmanci: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, citta, kanumfari, zoɓo. Ka naɗe daddawa cikin leda uku. Ni biyu na yi, har Disamba littattafaina suna ƙamshin miya. Naman halal ka saya a Montiriyal, ka daskarar, ka tafi da shi cikin akwatin sanyi duk lokacin da ka sauko hutu. Ka haɗa da bitamin D da man shafawa mai kauri, don iskar ɗaki a can ta fi ta hunturun Damagaram bushewa.

Jirgin da ke bin gaɓa kamar motar kasuwa yake, yana sauka ƙauye-ƙauye, wasu su sauka wasu su hau, a sauke kwalaye, a tashi. Hazo ko guguwa na iya kwantar da kai kwana biyu a garin da ba naka ba. Magani, caja, kayan canji da abin sallah su kasance a jakar hannu.

Da ka shiga gida, kafin ka kwance kaya, nemi tankuna biyu. Ƙasa a daskare take har can ciki, shi ya sa a kusan duk ƙauyukan ba a binne bututu, gidajen ma a kan ƙafafu suke. Mota ce ke kawo ruwa ta zuba a tanki, wata motar ta zo ta zuƙe na ƙazanta. Akwai fitila da ke kamawa idan ɗaya ya kusa ƙarewa ko ɗayan ya cika, ka tambayi maƙwabci ma'anar taka. Idan guguwa ta yi kwana uku, ko mota ta lalace, babu ruwa. A nan mu 'yan Damagaram muke da digiri na biyu. Wanda ya tashi yana jiran mai ga-ruwa ba a koya masa wanka da bokiti ɗaya. Ajiye jarka biyu cike kullum, kada ka kunna injin wanki in ka ji an ce iska na tafe, kuma ka share ƙanƙarar da ta toshe wajen da direba zai sa tiyo. Ka koyi sunan direban. Makaranta ma tana rufewa idan babu ruwa, kuma a rediyon gari ko a shafin Facebook na ƙauyen za ka ji, ba ta wasiƙa ba.

To, aji. Duk abin da na faɗa a sama don ka iya tsayawa a nan ne.

Yaran da za ka samu da Inuktitut suka fara karatu. Daga rabin aji har zuwa aji biyu da harshensu kaɗai ake koya musu, da baƙaƙensu masu kama da kusurwoyi da ƙugiyoyi, malamansu kuma 'yan gari ne da hukumar ke horarwa tare da Jami'ar McGill. Daga aji uku iyaye suke zaɓa wa yaro Faransanci ko Ingilishi, Inuktitut kuma ya ci gaba a matsayin darasi, tare da darasin al'ada inda ake koyon ɗinki, gyaran fata, haɗa keken ja na kan ƙanƙara da sanin daji. Saboda haka yaron da ke gabanka a ɓangaren Faransanci, Faransancin nan harshensa na uku ne, don Ingilishi ya riga ya shige shi ta waya da talabijin. Idan ya kasa lissafin da aka rubuta da dogon zance, duba ko lissafin ne ya gagare shi ko zancen. Sau tari zancen ne. Gajarta jimla, zana, kawo abin a hannu. Na daina misali da jirgin ƙasa da ya tashi daga wani birni da ƙarfe kaza, na koma litar mai nawa Ski-Doo, babur ɗin kan ƙanƙara, zai sha zuwa wajen kamun kifi ya dawo. Yaron da ya shekara bai ɗaga hannu ba ya gyara mini amsa, wai ban lissafa nauyin kayan da ake ja ba. Gaskiyarsa.

Ni da na yi lakwal a lokacin da ake rataya wa yaro symbole a wuya idan an kama shi yana Hausa, na san abin da zan faɗa yanzu daga jikina. Wata rana a watana na biyu surutu ya yi yawa, na ji bakina ya ce da Faransanci, a nan Faransanci kaɗai ake yi. Ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da na sani. Muryar mushenmu na aji uku ce ta fito daga bakina. Kakannin yaran nan an kai wasunsu makarantun kwana na gwamnati inda aka hana su harshensu. An ba su lambobi a kan ɗan faifai maimakon suna. A 1953 da 1955 an kwashe iyalai daga Inukjuak aka kai su Resolute da Grise Fiord, can ƙarshen duniya, sai 2010 gwamnatin tarayya ta nemi gafara. A shekarun 1950 da 1960 an karkashe karnukan da suke ja musu kaya zuwa farauta. Makaranta a wajen tsofaffi da yawa ita ce ƙofar da duk wannan ya shigo ta ciki, kuma hukumar da ta ɗauke ka an kafa ta ne don kada a sake. Bar yara su yi wa juna bayani da Inuktitut. Ka sa su koya maka ƙirga, su yi dariyar lafazinka. Washegari na ba su labarin symbole, na kwatanta musu yadda yake wucewa daga wuya zuwa wuya har yamma, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Wata yarinya ta ce za ta faɗa wa kakarta. Bayan kwana biyu ta kawo mini busasshen kifi, ta ce in ji kakar.

Akwai ƙananan abubuwa da in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka raini ne. Ka tambayi yaro ya gane, ya ɗaga gira bai ce komai ba: "i" ke nan. Ya yamutsa hanci: "a'a". Mako biyu na yi ina jin haushi kafin wata malama ta tausaya mini. Da sunanka za su kira ka, gatsau, babu mushe babu malam, ga wanda ya tashi ana durƙusa wa malami abin yana da ɗaci a farko. Tsawa ba ta aiki. A wajensu babba mai ɗaga murya shi ne ya zubar da girmansa, kamar yaro. Duka kuwa, ko da wasa, ko jan kunne, ƙarshen aikinka ke nan kuma doka za ta shigo. Kada ka tsayar da yaro gaban aji ka kunyata shi, ba zai dawo ba sai bayan mako. Za ka kuma ji wata dattijuwa tana kiran ɗan shekara shida "babana", don sunan mahaifinta ya ci. Wannan kam ba baƙo ba ne a wajenmu, sai dai su sun fi mu ɗaukarsa da nauyi.

Zuwan yara makaranta shi ne zai fi cin ranka. Wani bai yi barci ba don gidan a cike yake. Wani an tafi da shi farautar dinya da bazara, kuma abin da yake koya a can ba wasa ba ne. Shirya darasi yadda wanda ya ɓace kwana uku zai iya kamawa, ka karɓe shi da "sannu da zuwa" maimakon "ina ka shiga". Ka ajiye abin taɓawa a aljihun tebur. Rasuwa kuma za ta zo, har da ta matasa da suka ɗauki ransu, abin da ya addabi yankin. Idan an yi, gari gaba ɗaya ne ke makoki. Ka je coci ka tsaya a baya, ka bi layi ka ba da hannu. Idan yaro ya faɗa maka magana mai ban tsoro game da kansa, kada ka riƙe, ka kai wa shugaban makaranta da mai ba ɗalibai shawara a ranar.

Maganar addini, tun kana Montiriyal ka zauna da malami. A ƙauyenmu babu masallaci, mu biyu ne Musulmi, wata shekarar ni kaɗai. Nunavik ba ta kai inda rana ke ƙin fitowa ba, amma a Disamba sai bayan tara take fitowa, wajen uku ta faɗi, azahar da la'asar suna bin juna kamar tagwaye kuma duk cikin lokacin aiki. Ka nemi shugaban makaranta ya nuna maka ɗakin da za ka riƙa shiga na minti biyar. A Mayu da Yuni kuma jan sama ba ya gama ɓacewa, sai lokacin isha da asuba su rikice, nan ne kake buƙatar fatawa. Azumina na farko a Mayu ya faɗo, na ji a jikina, amma yanzu yana gangarowa cikin sanyi, ku kun huta. Ka tambayi malamin har da hukuncin nama, don za a gayyace ka ci. Za a shimfiɗa kwali a ƙasa, a ajiye daskararren kifi, da naman tuttu, wato barewarsu mai ƙaho kamar reshe, da natsiq, dabbar teku mai kitse, mata suna yanka da wuƙarsu mai kama da jinjirin wata. A mazhabarmu ta Malikiyya abin teku yana da sauƙi, ni kifi na fi ci, ɗanye da sanyinsa, na barbaɗa yajina. Abin da ba za ka ci ba ka ce addini ne, za su gane, su ma masu ibada ne. Abin da ba a yafewa shi ne yatsina fuska. Ka ce nakurmiik, wato na gode.

Kada ka kulle kanka a gida daga makaranta sai waya. Nuwamba da Fabrairu su ne masu nauyi, kuma malaman da suka karye galibi waɗanda ba a ganinsu a ko'ina ne. Je filin wasan ƙanƙara ka yi kallo, je wasannin da ake yi a zauren gari lokacin Kirsimeti in ba ka sauka ba, buɗe ajinka da yamma don masu son ƙarin darasi. Maggie MacDonnell, malamar Salluit da ta ci kyautar malamin duniya ta dala miliyan ɗaya a 2017, da ƙungiyar gudu da ɗakin motsa jiki aka san ta, ba da allo kaɗai ba. In an ce a tafi daji, bi wanda ya san hanya, kada ka taɓa fita bayan gari kai kaɗai, ko sama ta yi garau.

Tambayar da yara suka yi mini ranar farko ita ce, "Yaushe za ka tafi?" Na ɗauka korata suke. Lissafi suke yi, ko ya cancanci su koyi sunana, don sun ga malamai da yawa sun zo sun wuce, wasu ko Kirsimeti ba su kai ba. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka yi shawara da maiɗakinka da kanka a kan shekara biyu, ba ɗaya ba. Ta farko koyo kake yi, a ta biyu ake fara ba ka yara da gaske. In kuma ka yanke ba za ka dawo ba, faɗa wa shugaban makaranta da wuri don a sami mai maye gurbinka, ka faɗa wa yaran da bakinka kafin su ji a gari. Ka bar wa mai zuwa littafi a kan tebur: inda kowane aji ya tsaya, wane yaro ne ba ya ganin allo daga baya, wace ce ke jin Faransanci fiye da yadda take nunawa. Ragowar shinkafa da mai ka kai wa maƙwabta. Jarkokin nan biyu kuma ka bar su a gidan, cike.